Gwankin Tsallaken Korama

Kakata Iya Dije ba ta fara tatsuniya sai aiki ya ƙare. A ƙauyenmu, kudu da Damagaram, idan ɗari ya shigo, da an idar da sallar magariba akan tara karan dawa a tsakar gida a hura wuta. Amma ba ta buɗe baki sai ta ga an ɗaure awaki, an kife ƙore, kowane yaro ya wanke hannunsa. Daga nan ta zauna bisa turmin da aka kwantar, ta jawo kwandon audugarta da mazari. Mu kuwa mu kewaye wutar, gabanmu yana gasuwa, bayanmu yana sanƙarewa, muna tura gujiya cikin toka da tsinke.

Ni kaɗai ne ɗan lakwal a gidan. Makarantar mishan nake yi a birni, inda aka koya mini cewa amsar da ta kusa zama daidai kuskure ce, kuma har yau ban sauka daga wannan ra'ayi ba. Sai hutu nake zuwa gida, ina zuwa kuwa da halin gyara. Idan Iya ta ce wani ya yi tafiyar kwana bakwai bai sha ruwa ba, sai in ɗaga hannu kamar a aji, in ce ba zai yiwu ba.

"Ku ji mini maigidan nan nawa," take cewa. "An aike shi neman ilimi, ya komo da gardama. Zauna, Malam Ba-haka-ba-ne. In na gama ka ba ni maki."

Cikin tatsuniyoyinta akwai guda da ba mu so, domin babu waƙa a ciki, babu wanda ya ci riba. Labarin wani maharbi ne mai suna Jatau, wanda ya gaji bakan mahaifinsa. Samarin garin sun sami bindigogi, suna ta yi masa ba'a: bakan ya tsufa, ba ya kai kibiya ko'ina, ya ba mata su riƙa shiɓar auduga da shi. Jatau ya haɗiye maganar, amma ba ta faɗa masa ciki ba.

Wata rana da damina ya fita da hantsi, ya tarar korama ta kawo, ruwa ja wur yana tafe da itatuwa. A tsallake ga gwanki yana kiwo, nesa ƙwarai, inda ko mai bindiga ba zai gwada ba. Samarin suna bayansa. Jatau ya yi bisimilla, ya ja baka har kunne, ya saki. Kibiyar ta kai. Ta sami gwankin a cinya, ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa. Samari suka ɗauki sowa. Jatau ya zare wuƙarsa ya ruga bakin ruwa, nan ya tsaya cik.

A nan Iya takan dakatar da mazari.

"Maharbin garinmu," take cewa, "kafin ya ja baka, ƙafarsa yake tambaya. Zan iya kai wuƙa wurin nan kafin rai ya fita? In ƙafa ta ce a'a, ya mayar da kibiya cikin kwari. Jatau bai tambayi ƙafa ba. Bakin samari ya tambaya."

Jatau ya shiga ruwan har gwiwa, ruwan ya ture shi. Ya bi gaɓa gabas, ya bi yamma, babu mashigi. Gwankin yana kwance yana kallonsa. Da rana ta take, sai dabbar ta ɗaga kai ta ce: "Jatau, saƙonka ya iso. Kai fa, yaushe za ka iso?" Da la'asar ta sake tambaya, muryar ta yi ƙasa. Kafin faɗuwar rana ungulaye sun sauka, sun jeru, ba su ma jira ba.

"Sai kuma me, Iya?" muke tambaya.

"Babu sai kuma. Ya koma gida, gari yana ta yabon bakansa. Na sauke nawa, kowa ya tashi ya kakkaɓe toka."

Na tuna na ɗaga hannu na ce gwanki ba ya magana. Ta dube ni, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yana yi. Ba ka tsaya a bakin ruwa ba ne tukuna."

Fiye da shekara sittin ke nan. Karatu ya kawo ni Faransa, na yi aikin awon ƙasa a yankin Lyon har na yi ritaya, yanzu ina zaune a Bron, a hawa na huɗu. Wani abokin aiki ne ya fara kai ni farauta. Na sayi bindigar farauta a hannun wani, mai cin tsohon harsashin nan da ake kira bakwai sau sittin da huɗu, wanda aka ƙera tun ba a haifi mahaifina ba. Na yi shekaru da ita ban taɓa barin dabba da rauni a daji ba, domin ban taɓa harbi daga nesa ba. Da idona ya raunana, na mallaka ta ga jikana Lawali, da takardu kamar yadda doka ta tanada. Ɗan ƴata ne, a Saint-Denis aka haife shi, injiniya ne, ya ba talatin baya. Hausarsa tana ɗingishi, yana tallafa mata da Faransanci.

Da kakar bara ya kira ni. Gaisuwarsa ba ta fi kalma huɗu ba, na sa ya sake ta daga farko.

"To, Kaka, ina gajiya, ina gida, ina sanyi, voilà. An gayyace ni farautar akuyar dutse a tsaunukan Alpes. Can harbin na nesa ne, mita ɗari uku da hamsin, wataran ma fiye. Abokaina sun ce harsashinka sa'anka ne, ku biyu duk musée, gidan kayan tarihi, ya kamata a kai ku."

"Abokanka nawa ne suka taɓa cin naman da suka harbo?"

"Kada ka yi fushi, tsoho. Tambaya nake: zai kai, ko in ari bindigar zamani?"

Wasan jika da kaka ne, na sani. Duk da haka maganar ta tsaya mini a wuya. Na share teburi, na ɗauko takarda mai layi da fensir, na zauna kwana biyu. Na lissafa yadda harsashin zai sunkuya a kowace mita hamsin, da yadda iska za ta karkatar da shi, da ƙarfin da zai rage masa idan ya isa. Gaskiyar al'amari ita ce na zamani sun fi shi miƙewa, sun kuma fi shi jure iska. A kusa bambancin kaɗan ne, sai tazara ta yi tsawo yake girma. Amma ƙarfin kashe akuya a wannan nisa, tsohon yana da shi har da saura. Na duba lissafin sau uku, na tsara shi cikin jadawali mai tsabta, na aika masa. A ƙasa na rubuta kalma biyu, na ja musu layi: zai kai.

Ban tambaye shi abin da ke tsakaninsa da akuyar ba.

Ranar Asabar da hantsi waya ta yi ƙara. Babu gaisuwa, ban kuma nemi a yi ba. Ina jin iska tana kaɗa maganarsa.

"Kaka, na same ta. Amma a baya, wajen cinya. Iska ta taso daidai lokacin. Ta gangaro kan wani dandamalin dutse, tana da rai."

"Ka ƙara mata."

"Ba na ganinta, ƙaho kawai. Dutse ya tare."

"To ka je ka yanka."

"Akwai rami tsakaninmu, Kaka. Kwazazzabo ne. Jagoranmu ya ce sai mun sauka har ƙasa mun hau ta wancan gefe. Awa huɗu. Tana kuka. Kana ji?"

Ya juya wayar. Ban san ko na ji ba, ko iska ce. Ina tsaye a taga, taragon lantarki yana wucewa zuwa tsakiyar Lyon cike da ɗalibai, jadawalina yana kan teburi, babu kuskure ko ɗaya a cikinsa.

"Kaka, me zan yi?"

Na ce ya kama hanya. Na wuni a kujera da wayar a hannu. Ban iya hawan dutse ba, ban iya tuƙa mota ba, ko sunan kwarin ban iya samu a taswira ba sai da gilashin ƙara girma. Sun isa da la'asar, suka tarar da jini, akuyar ta ja jiki ta faɗa wani wuri. Washegari wani mutum mai karen bin jini ya gano ta. Ta mutu, ta kumbura, hankaki sun riga su. Malaman garinmu sun koya mana cewa abin farautar da ya kwana ba a gan shi ba, ba a ci. Ko da ba su koya ba, babu abin ci a wurin.

Bayan mako biyu na shiga jirgin ƙasa zuwa Paris, na bi jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na goma sha uku, har Saint-Denis, da niyya guda: in ba Lawali labarin Jatau. Matarsa ta kawo shayi, muka zauna a falo. Na fara. Tun ban yi nisa ba na ji abin yana lalacewa a bakina. Na tsaya bayyana masa mene ne gwanki, na tsaya bayyana korama, na gyara masa kalmar kwari da ya ɗauka ramin dutse nake nufi. Da na zo inda dabbar ta yi magana, sai na ji kunya, na ce wannan ƙari ne irin na tsofaffi. Abin da Iya ta ba mu da murya, ni na ba shi kamar rahoton awo.

Ya saurara da ladabi. Ya rame, na lura, kuma ya ce bai yi barcin kirki ba tun ranar.

"Na gane, Kaka," ya ce. "Da Jatau yana da makami mai kyau, da gwankin bai wahala ba. Shi ya sa na yi odar sabuwa. Iska ba ta damunta sosai. Har mita ɗari shida tana kaiwa. Ba zan sake jin kukan nan ba, plus jamais."

"Ɗari shida," na ce. "Tafiyar awa nawa ke nan a dutse?"

"In ta faɗi nan take, awa ba ta da amfani."

"In ba ta faɗi ba fa?"

Ya dafa hannuna kamar yadda ake dafa mara lafiya. Ya ce kada in ɗora wa kaina laifi, harsashin ne ya tsufa.

Na daɗe ina juya wannan magana a jirgin komowa. Harsashin bai tsufa ba. Ya kai inda aka aike shi, kamar yadda na yi alkawari. An tambaye ni ko zai kai, na amsa daidai, saboda an taɓa mini girman kai, kuma tambayar da ta kamata ban yi ta ba. Iya ba ta san mita ba, ba ta taɓa riƙe bindiga ba, amma ita ce ta auna nisan yadda ya kamata a auna shi. Ta miƙa mini awon tun ina ɗan shekara goma, na tsaya ba ta maki. Yanzu da na fahimta, ba ni da muryar da zan miƙa shi gaba.

Jiya Lawali ya aiko da hoton sabuwar bindigar da bayanan harsashinta. Ya roƙe ni in tsara masa jadawali har mita ɗari shida, domin, in ji shi, babu na'urar da ya amince da ita kamar lissafina. Na rubuta masa cewa ba zan yi ba, na goge. In na ƙi, zai tafi dutsen duk da haka, ya harba da lissafin da ban duba ba, wata akuyar ce kuma za ta ɗauki kuskuren a cinyarta.

Na share teburi. Na fiƙe fensir.