Gwiwata da Gurbin Baba a Zangon Kumasi

Ana sallame sallar asuba muka bar Tamale, ƙanena yana tuƙi, ni kuma ina baya na miƙe ƙafa kamar mai motar. Wata huɗu ke nan da yi mini aikin jijiyar gwiwa, wadda na tsinka a ƙwallon tsofaffi ta ranar Lahadi. E, ku yi dariya, matata ta riga ku. Tun ranar a kujera nake sallah, kuma wallahi abin yana ci mini rai.

A gwiwar akwai wata safa da aka ba ni a asibiti. Ka gan ta kamar ta 'yan ƙwallo, amma cikin saƙarta akwai zare mai jin motsi. Duk lanƙwasar da na yi, sai labari ya isa wayar likitar da ke duba ni a Kumasi. Wurinta za mu.

A Kintampo muka sha koko da ƙosai. Kokon ya ƙara tsada, ya kuma ƙara ruwa. Daga Techiman doya ce jibge a bakin titi, ƙasa ta koma kore shar, kowane rami kuwa sai gwiwa ta amsa.

Bayan azahar muka shiga Zango. Ƙamshin waken Zango da shinkafa ne ya fara tarbata, sannan hayaniyar Hausa da yaren Tuwi a cakuɗe. Filin da muka koyi ƙwallo ba takalmi ya zama shaguna. Gidanmu dai yana nan da tsohon kwanonsa. Mma, mahaifiyata, ta ƙare wa safar kallo ta ce, "Ei, wannan kuma layar Turawa ce?" Da ta ga na jawo kujera da la'asar, sai ta ce a hankali, "Ubanka har ya koma ga Allah goshinsa bai bar ƙasa ba." Ba da mugunta ta faɗa ba, amma ta soke ni.

Washegari muka tafi asibitin, a unguwar Bantama. Likitar Ba'asantiya ce, Kirista, amma Hausa a bakinta rangaɗau. Ta juyo mini da wayarta.

"Malam, mako biyu ke nan gwiwarka tana wuce iyakar da na sa maka. Sau biyar kullum. Asuba, azahar, la'asar... A Aboabo na girma fa, cikin Musulmi, na san lokutan nan."

Kunya ta kama ni. A ɓoye nake gwada sauka daga kujera, in kai rabi in kasa, ko matata ba ta sani ba. Ashe safa tana kai tsegumina. Ta yi mini faɗa sosai, ta lallatsa gwiwar, sannan ta sa aka shimfiɗa tawul. Ta koya mini sauka: hannu tukuna, sai ƙafa mai lafiya, wajen zama kuma in miƙe mai ciwon gefe. Ta ce yau raka'a huɗu kawai, kada in ƙara.

Da azahar na shiga masallacin unguwarmu. Gurbin Baba yana ƙarshen sahun farko, daf da taga, inda nake tsayawa bayansa ina yaro ina kallon kaushin dugadugansa. Tsohon ladan ya gane ni, ya turo mini kujera. Na ce, "Baba ladan, a bar ta yau."

Na sauka yadda aka koya mini. Da goshina ya taɓa darduma, na ji ƙamshin nan na turare da tsohon siminti, sai hawaye. Liman ya ɗago, ni ban so ɗagowa ba.

Ina sa takalmi waya ta yi ƙara. Likitar ce: "Na gani. Ya isa haka yau. Allah ya karɓa."

Kwana biyu muka ƙara, muka kamo hanya da ƙunshin gari da yajin Mma. Abin da na koyo shi ne gaggawa ta kusa hana ni abin da nake gaggawar samu. Mun iso Tamale lafiya. Kujerar tana nan don sauran salloli, amma azahar ta koma ƙasa.