Ƙafar Dama, Ƙafar Hagu

A duk faɗin unguwar Ka'akiyya gidanmu ne kaɗai ke da jirgin ruwa a tsakar gida. Makka babu kogi, babu tafki, ko kwaɗo ne ya zo Umara sai ya taho da gorar ruwansa. Amma mu kullum akwai wani mataccen jirgi kife a kan tsofaffin tayoyi, Umma na shanya wanki a bayansa. Maƙwabcinmu mai gyaran firji in ya leƙo ta katanga sai ya ce wa Baba, "Malam, in ruwan Ɗufana ya taso a ajiye mini kujerar gaba." Baba ya ce, "Kai firjinka za ka hau."

Baba Basarke ne daga Yawuri, a cikin kwalekwale ya yi rarrafe. Yana aiki a ƙarƙashin wani Balarabe mai shagon kayan kamun kifi a Rusaifa, kuma shi ne kafilinmu, wato iƙamar gidanmu duka, takardar izinin zama a ƙasar, a hannunsa take. Mutumin yana sayen ƙananan jiragen faiba da suka fashe a bakin tekun Shu'aiba, a jawo su gidanmu, mu kankare, mu liƙe, mu goge, mu yi fenti. Ƙurar faibar da na haɗiya ta isa a ƙera wani jirgin a cikina. In an gama gyara sai a mayar da jirgin teku, Baba ya riƙa fita da baƙi a cikinsa.

Baƙin nan su ne abin kallo. Ma'aikata ne daga Jidda, wasu Turawa, wasu Larabawa, masu kamun kifi da ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin kaza don ta yi kama da ɗan jatan lande. Mutum zai tsaya a goshin jirgi yana wulwula doguwar igiya a iska kamar mai korar aljanu, ya jefa, kifi ya ci, ya yi gumi ya jawo shi, ya ɗauki hoto, sannan ya sake shi ya tafi. Ranar da Umma ta ji cewa sakin kifin ake yi, sai da ta ajiye ludayi ta nemi wuri ta zauna.

Ruwan wurin bai wuce gwiwa ba, kuma garau yake, don haka ba a kunna inji. Baba ke tsayawa a kan ɗan dandamali a bayan jirgi, yana tura shi da doguwar gora a hankali, ya hango kifi tun daga nesa, ya ce wa baƙo dama ko hagu. Shi baƙo ba ya ganin komai sai ƙyallin rana. Idon jagora yake zuwa haya. A ranakun hutun makaranta Baba yakan tafi da ni yana koya mini. Ya ce in daina neman kifin, in nemi inuwarsa a kan yashi, ita ce ba ta iya ɓuya.

A wajen fenti na gane idon Baba ya fara tafiya. Wani farin jirgi ne muka gama liƙewa, Baba ya ja masa ratsin shuɗi a gefe, ratsin ya yi ta lanƙwasa kamar hanyar Ɗa'ifa. Na yi dariya na ce, "Baba, mai kallon wannan sai ya sha maganin jiri." Bai yi dariya ba. Ya ce, "A ina?" Ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa fentin, kuma ba ma wurin yake kallo ba. Na tsaya ina jiran gabana ya faɗi. Bai faɗi ba. Na fita na sayo lemo mai sanyi na sha a bakin ƙofa.

Fitarmu ta gaba ina zaune a ƙasan dandamalinsa. Inuwoyi suka taho ta dama, shi kuma ya zuba wa gaba ido. Ba a buga jikin jirgi, kifi na ji, ya gudu. Magana kuma baƙo zai ji. Sai na miƙa hannu na matsa masa babban yatsan ƙafar dama. Ya ce wa baƙon da Larabci, "Dama. Jefa." Shi ke nan. Daga ranar na zama mai matsa ƙafa: dama in matsa dama, hagu in matsa hagu, in kifin ya yi kusa in riƙe ba saki. Ba mu taɓa yin zancen ba ko sau ɗaya. Wani Bature har ya ce bai taɓa ganin ɗa mai biyayya irina ba, yaro yana yi wa ubansa tausa a tsakiyar teku. Na san ƙafafun nan fiye da fuskata. Akwai faso a diddigensa na hagu wanda ƙadangare zai kama haya a ciki ya auro mata.

A gida Umma ta daina ajiye masa shayi a kan tabarma, a hannu take danƙa masa. A makaranta na ci gaba da ba abokai labarin kifin da ya ja jirginmu har Sudan muka dawo da shayin can. Suna dariya, ni kuma ina jin muryata kamar rediyon maƙwabta.

Ranar da za a gwada wani jirgi da muka canja wa ƙasa gaba ɗaya, kafil ya ce da kansa zai zo, tare da wani abokinsa. Muna barin gaɓa ya dube ni ya ce, "Ya walad, kai yaro, me kake yi a can? Zo gaba ka riƙe wa baƙo igiya kada ta harɗe masa ƙafa." Na tashi na koma gaba. Jirgin ƙarami ne, amma daga inda nake zuwa ƙafar Baba kamar daga Makka zuwa Yawuri.

Girgije ya gifta, inuwarsa ta faɗo a ruwa. Baba ya ce, "Hagu." Baƙon ya jefa, babu komai. Can ya sake cewa hagu, nan ma yashi ne kawai. Sai garken kifi ya zo ta dama, kusa har na ga da na yi sallama za su amsa. Na ce a hankali da Hausa, "Baba, dama."

Kafil ya ce, "Me ya ce?"

Baba ya ce, "Wai yunwa yake ji."

"Yanzu fa ya cinye mana gurasa."

Amma kafil ya riga ya ga kifin da idonsa. Ya ɗaga tabarau zuwa goshi, ya juya ya kalli Baba. Baba na tsaye da gorarsa, ya ɗaure fuska irin ta mai aiki, yana kallon inda babu ko ciyawa. Kafil ya daɗe yana kallonsa. Na san abin da yake lissafawa, kuma na san iƙamarmu ta kusa sabuntawa. Duk na sani, kamar yadda na san jadawalin darasi.

Wata babbar inuwa ta fito daga bayan baƙin dutse. Na ji bakina yana cewa da Larabci, da ƙarfi, "Dama, gab da dutsen can. Jefa yanzu. Bar ta ta nutse. Ja a hankali." Igiya ta miƙe, baƙon ya hau salati. Aka jawo kifi, aka yi hoto, aka sake shi. Babu wanda ya waiwaya baya. Jirgin ya tsaya cak don gora ta daina aiki.

Baba ya ce, "Kai. Zo ka karɓa."

Ya sauko yana laluben wurin takawa da ƙafa, ya zauna a inda nake zama. Ni na tura jirgin har aka tashi.

A gaɓa kafil ya ja Baba bayan mota suka yi magana ƙasa-ƙasa, ni ina wanke gishiri daga jikin jirgi. Sai da muka shiga motar shago direba ya ja, Baba ya faɗa mini. Za a sabunta iƙama bana. Za a kai shi asibiti a duba idon. Gyara zai ci gaba da yi a gida, tunda wannan hannu ke yi. Teku kuwa za a nemo wani jagoran, ni in na gama makaranta a gani.

Na ce, "To."

Ya ce, "Muryarka ta yi yawa, ja'iri. Da ƙaramin kifi ne da ya gudu."

Na ce, "To, Baba."

Ya jingina kai da gilashi ya ce in teku ta ɓace daga gani in gaya masa. Na ce zan gaya masa. Saƙo ya shigo wayata daga wani abokina, na tsaya amsawa. Da na ɗago babu komai sai yashi da turakun lantarki. Na bari muka ƙara ɗan tafiya, sannan na ce, "Yanzu ta ɓace."

Ya ce, "To," ya gyara zama.