Ƙarin Albashi da Rufin Ɗakin Inna

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Ina tsoron kada maigidana ya gane ni ne, in rasa aikin da nake ci da iyali. Abin da ya fi damuna kuma, kada ƙyamar da nake ji ta zama hassada ce ban sani ba. Sai da na tambayi limamin unguwarmu, ya ce in dai ban kama sunan kowa ba, kuma ban ƙara gishiri ba, babu laifi. Karatuna bai wuce firamare ba, a yi haƙuri da ni.

A wani gidan burodi nake aiki a Birnin Kudu, ni ne mai gashi a bakin wuta. Ƙauyenmu yana Dingaya ta ƙasar Gwaram. Can Inna mahaifiyata take, da Baffa, ƙanin marigayi mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu.

Muna da al'ada a gidanmu. Kafin a fara sharar gona, maza sukan zauna a zaure su duba abin da ya lalace a gida, a raba gyara. Manoma su ne da kwaɓa ƙasa da yaɓe. Duk abin da sai an je kasuwa kuwa, ƙusa ko katako ko kwano, na mai albashi ne. Tun da na kama aikin burodi aka sa ni a wannan sahu. A wurinsu duk wanda ake biya ƙarshen wata ma'aikaci ne, kuma ma'aikata duk ɗaya ne.

Shekarar da nake magana, ɗakin Inna ne ya gaji. Rufin ƙasa ne, gara ta cinye azara, da damina tukwane take jerawa tana tarar yoyo. Ana cikin haka rediyo ya ɗauki zancen ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati. Bayansa aka shiga na ministoci da manyan masu muƙami, wai abin da suke karɓa ba ya isarsu. Ina tsaye gaban wuta, gumi ya jiƙa mini riga, ina jin wani yana bayani cikin sanyin murya cewa manyan nan suna cikin matsi.

Tun kafin wani ya ga ƙarin a hannunsa, kasuwa ta riga ta karɓe shi. Mai gidan da nake haya ya ƙara. Ɗan acaɓa ya ƙara. Mu ma an ƙara wa burodi kuɗi, mai gidan burodin yana cewa ai yanzu mutane da kuɗi a hannu. Albashinmu kaɗai ne ya tsaya inda yake.

Da na je gida zaman zaure, tun kafin in cire takalmi Baffa ya tare ni da fara'a.

“Barka da arziki, ɗan nan! Mun ji a rediyo.”

Na ce, “Baffa, ai ba mu ba ne. Na gwamnati ne.”

“Kai ba ma'aikaci ba ne? Ba wata-wata ake biyanka ba?”

“Haka ne, amma gidan burodi na mutum ɗaya ne.”

Babban ɗan Baffa ya kwashe da dariya. “Ku ji ɗan birni! Kuɗi sun shigo, baki ya sauya. Kwantar da hankalinka, Alhaji, ba rance muka zo nema ba.”

Baffa ya yanke magana: bana kwano za a sa wa ɗakin Inna, ni ne da kwano da katako, su ne da aiki. Na so in rantse, amma ina gudun rantsuwa a gaban babba. Da na shiga gaishe da Inna, sai ta ce, “Rediyo dai ba ya ƙarya. Amma in babu hali, kada ka takura kanka.” Wannan ta fi dariyar zaure zafi.

Na dawo na yi ta shawara da kaina kafin in tunkari maigidana. Na durƙusa na ce, “Alhaji, ko za a ɗan duba mu, tunda an duba na gwamnati?”

Ya kalle ni ya ce, “Malam, ni gwamnati ce? Rijiyar mai gare ni? Fulawa ta tashi, sukari ya tashi, itace ya tashi. In ka samu aikin minista ka tafi, ka dawo ka ɗauke ni direba.”

Don kada in zalunce shi, gaskiya ne fulawa ta tashi. Wani maƙwabcina malamin makarantar gwamnati ma ya ce nasu ƙarin a bakin 'yan kasuwa ya ƙare. Ba shi nake ƙyama ba. Abin da ke tayar mini da zuciya shi ne mutumin da ake ba gida da mota da mai ya ce bai ƙoshi ba, a kuma shelanta wa duniya “an ƙara wa ma'aikata” kamar mu ba aiki muke yi ba.

Ban iya sayen kwanon ba. Babbar leda na saya, aka shimfiɗa aka bi da ƙasa. Da ruwa ya kankama azara ta karye, rufin ya zube. Allah ya taimaka Inna tana tsakar gida. Tun daga nan a ɗakin matar Baffa take kwana, kamar baƙuwa a gidan mijinta. A zaure kuwa ba a ƙara raba mini komai ba. Sun gama yanke cewa ɓoyewa na yi.

Yanzu ga shi na sake jin ana zancen duba albashin manya. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya sani ya yi mini bayani. Dokar ƙarin albashi ta shafi irinmu masu aiki a ƙananan wurare, ko kuwa sai inda ma'aikata suke da yawa, kamar yadda na ji ana faɗa? Akwai inda mutum zai je ya tambaya ba tare da sunansa ya koma kunnen maigidansa ba? In ma amsar ita ce ba mu ciki, ina so in same ta daga wanda Baffa zai yarda da maganarsa, in kai masa kafin wani zaman zaure.