Rediyon Baba ta fito a talabijin

Jama'a, yau talabijin ta tona wa Mama asiri!

Kun san wasan barkwancin nan na zamanin iyayenmu da aka dawo da shi? Ɗazu da rana muna kallonsa a gida, nan Gwarinpa. Baba sai kushe yake yi. Wai a lokacinsu ba a kafa hula haka, wai kujerun ma na jiya-jiya ne.

Can sai aka nuno wata tsohuwar rediyo a kan tebur. Baba ya gyara zama. Ya ce, "Yauwa, nan kam sun yi daidai. Irin tawa ce sak, wadda ta ɓace ranar da muka taso daga Masaka."

Kyamara ta matso kusa. Hannun rediyon ɗaure da jar waya. Wallahi ɗaurin Baba ne, a gabana ya yi shi!

Yayata Hadiza ta raɗa mini, "Mama ce fa ta ba mai gwangwan, mai sayen tsofaffin kaya, ya ba ta robar wanki."

Baba ya juya a hankali. "Hajiya, ba cewa kika yi ta faɗo daga mota ba?"

Mama ta miƙe. "Bari in duba girkina."

Tun jiya gas ɗinmu ya ƙare.