Dutsen da Yaya Ke Yanka Tuwon Madara

A gidanmu babu maƙeri, ko a dangin Umma ko a na Baba. Ni gyaran waya nake yi a wani ɗan shago kusa da tasha a nan Daura, kuma a wayar na ga yadda ake yin wuƙa. Bidiyo ɗaya na kalla wata rana da babu kwastoma, shi ke nan abin ya shige ni. Na fara tara ƙarafa a zaure: guntun sifirin mota, tsohon zarto, magagari. In Umma za ta wuce sai ta tattare zaninta ta ce, "Auta, wai wannan bolar taka yaushe za a kwashe?"

Wuƙaƙen da na fara yi suna yanka, ba laifi. Amma babu miƙaƙƙiya ko ɗaya. Ka kwantar da ita a tebur sai ta riƙa lilo. Na manna katakon ƙota, sai ga rata tsakaninsa da ƙarfen, ruwa ya shige, tsatsa ta fito. Na daɗe ina zargin hannuna, ashe inda nake gugar ne. A kan benci nake shimfiɗa samfefa, bencin kuwa ya lotsa a tsakiya. Na koma simintin zaure, shi kuma tudu da kwari. Har tayil na gwada, shi ma ashe da ɗan doronsa. Samfefa abin da ke ƙarƙashinta take bi, ƙarfe kuma ya bi samfefa.

Su masu bidiyon a kan dutsen giranait suke yi, irin mai santsin nan na kicin. Kuma akwai shi a gidanmu. Matsalar ɗaya ce, na Yaya ne.

Yaya ita ce 'yar fari, lokacin ba ta yi aure ba. Tuwon madara take yi da gullisuwa, tana tallata su a waya, ana zuwa karɓa. Dutsen a gidan ƙawarta ta samo shi, lokacin da ake haɗa musu kici. Wurin da aka yanke don a saka abin wanke-wanke, shi aka jefar a bayan gida, ita kuma ta sa mai babur ya ɗauko mata. Baƙi ne da ɗigo-ɗigon fari, ka leƙa ka ga fuskarka. Mabul take ce masa. A kansa take baza tuwon madara ta yanka, in ta gama ta wanke, ta goge, ta lulluɓe da tsohon mayafi. Ko kofi ba a ajiyewa a kai.

Na same ta tana ƙulla leda na ce, "Yaya, aron mabul ɗinki nake so."

"Ka yi me?"

"Guga zan yi a kai. Ƙarfe."

Ba ta ko ɗago ba. "Abin da mutane ke sawa a baki nake yi a kai, kai kuma za ka kawo min sifirin mota. Wuce."

"Ba zai taɓa dutsen ba fa, samfefa ce a tsakani."

"Na ce wuce, Auta."

Na wuce. Amma ban daina zagaya kicin ɗin ba, kuma a zagayen na lura da yadda take fama. Tuwon madara ba ya jiran kowa. Da an sauke an baza, sai a yanka tun da ɗuminsa, in ya sha iska ya daskare. Ita kuma wuƙar kasuwa take amfani da ita, gajera, mai ciki. Ta danna nan, can bai yanku ba. Ta ja, gefen ya farfashe. Kowane faranti sai an tara gutsattsari da yawa waɗanda ba za su shiga leda ba. Mu ke cinyewa, ita kuma tana harararmu.

Na ce mata, "In na yi miki wuƙa mai tsawon dutsen nan, miƙaƙƙiya, dannawa ɗaya ta raba daga wannan gefe zuwa wancan fa?"

"Kai ɗin? Wanda wuƙarsa ke rawa a tebur?"

"Ai rashin dutsen ne."

"Kin ji, Umma, dutsena ne ya hana shi iyawa."

Umma tana tsintar wake a bakin ƙofa. Ita ba ta kiran sunan Yaya, sai ta ce, "Ke wannan, ki ba shi ya gwada mana. In ya iya, kin huta da asara. In bai iya ba, ni na huta da bola."

A nan aka yanke magana. Akwai bikin da aka ba Yaya aiki a Sandamu, tuwon madara mai yawa. Kafin ranar, dutsen nawa ne da yamma, in wanke in mayar. In wuƙar ta yi abin da na faɗa, kullum daga azahar dutsen yana hannuna. In ba ta yi ba, ba zan ƙara ambaton mabul ba, kuma ƙarafana su bar zaure. Ni kuwa ba ni da wani wurin da zan kai su. Shagonmu ko juyawa mutum biyu ba sa yi.

Wani dogon zarton masu katako na samu, wanda haƙoransa suka ƙare. Na yanko, na fitar da siffa da magagari, na kai maƙera aka gasa aka tsoma a mai don ya yi tauri. Da ya fito ya ɗan karkace, kamar yadda ya saba yi min. Da can a nan nake sarewa. Wannan karon na rungumo dutsen Yaya zuwa zaure. Nauyinsa ya ba ni mamaki, sai da na huta a tsakar gida.

Na zuba ruwa a kai, na shimfiɗa samfefa, sai ta manne da kanta, ko gam ban sa ba. Na shafe jikin ƙarfen da baƙar maka ta rubutu, na kwantar, na fara turawa ina jawowa. Da na ɗaga na duba, sai da na yi dariya ni kaɗai. Inda ya yi tudu tawadar ta goge, inda ya yi kwari tana nan baƙi ƙirin. Karon farko ke nan da na ga karkatar da idona, ba zato ba. Na ci gaba. Ruwan ya koma baƙi kamar na wankin tukunya, yatsuna suka yi laushi, fatar kan ɗan yatsa ta soma cinyewa ban ma ji ba sai da na taɓa gishiri a abinci.

Duk yamma Yaya sai ta zo ta tsaya a ƙofar zaure ta riƙe ƙugu.

"Wannan baƙin ruwan a kan mabul ɗina yake?"

"Zai wanku."

"Allah Ya sa. In ƙarfe ya fito a bakin amarya, kai zan turo musu."

Da omo nake wankewa, in ɗauraye, in sake. Ita kuma sai ta shinshina, ta goga farin ƙyalle ta duba, sannan ta karɓa.

Jikin wuƙar ya kwanta lafiya lau. Bakin ne ya ba ni wahala. Na wasa shi a dutsen washin gidanmu, ya yi kaifi har yana aske gashin hannu, na ce na gama. Sai na tsayar da shi a kan mabul, na kunna fitilar waya a baya, na kwanta da ciki ina leƙe. Haske na fitowa ta ƙarƙashi, a tsakiya. Kai da gindi sun taɓa dutse, tsakiya na sama. Dutsen washin namu ya shekara ana wasa wuƙar layya a kansa har ya yi kwari, shi ya cinye min tsakiyar. Wuƙa mai kyau, mai kaifi, amma da ita Yaya za ta danna tsakiyar tuwon ya ƙi rabuwa. Ga biki ya matso, har an kawo buhun madara.

Abin da ya rage guda ne, kuma ban so shi ba. Na sa sabuwar samfefa mai kaushi, na tsayar da wuƙar a kan bakinta tsaye cak, na fara gurzawa. Wato kaifin da na ɓata yammaci guda ina nema, shi nake kashewa da hannuna. Ƙarar ma ba daɗi, har haƙori take taɓawa.

Ƙarar ce ta kawo Yaya. Ta kalle ni, ta kalli wuƙar.

"Umma, zo ki ga. Ya haƙura, yana dakusar da ita da kansa."

"Ba haƙura na yi ba."

"To me kake yi?"

"Miƙe bakin nake. In ya miƙe sai in sake wasawa."

"Ka wasa, ka kashe, ka wasa. Gobe in sayo maka buhu na kwasar ƙarafa ko kana da shi?"

Na ci gaba da aikina. Ina gurzawa ina leƙawa da fitila. Hasken ya riƙa tsukewa, daga tsawon hannu ya koma tsawon yatsa, ya koma kamar zare. Can na leƙa, babu. Duhu daga kai har gindi. Na matsa da wuƙar wani gefen dutsen na sake leƙawa, nan ma babu. A kan mabul ɗin na sake fitar da kaifin, da samfefa mai laushi, ban ƙara kusantar dutsen washi ba. Ban kuma nemi kaifin aska ba, tunda dutse za ta riƙa sauka a kai. Ƙota na yi da itacen ƙirya, ta zauna ba rata. Bayan wuƙar na goge shi ya yi sumul, don tafin hannu.

Ranar aikin da hantsi, Yaya ta sa na wanke wuƙar a gabanta, ta sa na sake, ta zuba mata ruwan zafi, ta shinshina. Umma ta jawo kujera ta zauna. Aka sauke tukunyar farko, Yaya ta juye a kan dutse, ta murza da kwalba har ya baje daidai. Ƙamshin madara ya cika gidan.

Ta ɗauki wuƙar da hannu ɗaya kamar yadda ta saba, ta danna. Wajen ƙota ya shige, can kai kuwa ko rabi bai yi ba. Ta juyo ta kalle ni, bakinta ya fara motsi.

"Hannu biyu, Yaya. Ɗora tafinki a bayanta."

"Ta yanke ni?"

"Ba kaifi a nan. Yi sauri, yana shan iska."

Ta ɗora tafin hagu, ta danna da nauyinta. Muka ji ƙas, sau ɗaya, ƙarfe ya sauka a kan dutse gaba ɗayansa. Ta ɗaga. Layi ne miƙe daga gefe zuwa gefe, ana hango baƙin dutsen ta cikinsa, babu ko ɓarɓashi. Ta matsa ta sake. Ƙas. Ta sake. Ta juya wuƙar ta bi a gicciye, ƙas, ƙas, ƙas, kafin in gyara tsayuwa ta gama farantin. Umma ta miƙa hannu ta ɗauki guda, ta juya shi, ta duba gefensa.

"To yau me za mu ci?" in ji ta. "Babu gutsure."

Yaya ba ta yi dariya ba, tukunya ta biyu take juyewa. Haka ta yi ta yi, ni ina tsaye a bakin ƙofa hannu a aljihu, ina jin kamar in fita titi in tare mutane in gaya musu. Aikin da ta saba kaiwa la'asar, kafin a kira azahar an ƙulle leda ta ƙarshe, mai motar Sandamu bai ma iso ba.

Ta wanke wuƙar da kanta, ta goge, ta shafa mata man gyaɗa. Na miƙa hannu.

"Kawo in ɗauke ta hoto."

"Wa?"

"Wuƙar."

"Wuƙata? Ka sa mata wannan hannun naka mai baƙin mai?" Ta naɗe ta a tawul, ta shige ɗaki da ita. Daga ciki na ji an turo durowa an rufe.

"Yaya, ni fa na yi ta."

"Ka yi wata. Ga dutse can, azahar ta yi. Kuma da omo, Auta, kar in ji ƙarni."

Na je na yi salla na dawo. Mabul na nan inda ta bar shi, ba a lulluɓe ba. Na durƙusa na rungumo shi, da sauran ɗumin madara a jikinsa, na ratsa tsakar gida da shi ban huta ba.