Sigarin da na saya wa Hajiyar Bama

Shekarun baya, lokacin da maigidana ke aiki a Riyad, ina zaune a unguwar Shifa ina haɗa kundin digirina na biyu a kan sojojinmu da suka je yaƙin ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk abin da na sani game da mutanen ƙasar daga littattafan Turawan mulkin mallaka na samo shi, kuma na haddace su kamar karatun allo.

Sai na gano maƙwabciyata ta shaggar sama, wato gidan da ke saman namu, 'yar Bama ce, kuma mahaifiyarta ta ga yaƙin da idonta. Na yi wata guda ina roƙo kafin tsohuwar ta yarda ta sauko mu yi hira. Ba ni da wata shaida mai rai sai ita, don haka na ce dole in karrama ta.

Wani littafin ya ce matan Bama ba su da abin so kamar ƙaton sigari. Na tasa maigidana gaba ya je ya sayo.

"Ni da ko hayaƙin turare ke sa ni tari?" in ji shi.

Haka ya tafi unguwar Ulaya ya sayo, har wani abokin aikinsa ya gan shi ya yi masa nasiha.

Ranar da suka zo, ga tsohuwa da carbi, goshi da tabon sujada. Na jera shinkafa da nama, sannan na miƙa mata kwalin da hannu biyu. 'Yarta ta buɗe, ta dube ni.

"Ukti, 'yar'uwa, wannan na waye?"

Na yi bayani har da lambar shafi. Da aka fassara wa tsohuwa, ta yi dariya har da hawaye, ta yi wata doguwar magana.

"Mama ta ce kada ki damu. Su ma a ƙauyensu an ce musu baƙaƙen sojoji mutane suke ci. Shi ya sa tun ɗazu take juya naman nan, ba ta kai baki ba."

Na rantse mata rago ne. Ta ci, ta ƙara, ta yi mini hirar da ta zama babi guda a kundina.

Har yau ina karanta littattafan nan, don akwai abin tsinta a ciki. Amma duk inda na ga an ce "mutanen ƙasa kaza haka suke", sai in tambayi kaina wa ya faɗa, kuma shi an taɓa gayyatarsa cikin gida kuwa?