Sandar Sunuka a Hannun Surukina

Shekarun baya, da kasuwa ta fara buɗe mini, na kafa teburin sunuka, wasan nan na buga ƙwallo da sanda bisa tebur, a rumfar bayan butik ɗina, wato kantina, kusa da inda manyan motoci ke jiran takardun duwan, wato kwastan, kafin su haye gada zuwa Gaya. Dabarata ita ce duk direban da ya zo wasa zai sha lemo ya sayi sabulu. Haka kuwa aka yi, har wani ya kafa nasa tebur gaba kaɗan, direbobi suka fara zamewa can. Ɗaya daga cikinsu ya gaya mini gaskiya: "Mai butik, sandunanka duk sun karkace. Ka nuhi gabas, ƙwallo ta tahi arewa."

Da na je sarin kaya Kwatano na nemi sanda ta kirki, irin ta itace guda wadda ba a kwance ta biyu. Duk wadda aka miƙo mini sai na kwantar da ita bisa tebur in mirgina, in bakinta ya yi rawa in mayar. Mai kantin har ya gaji da ni kafin na samu miƙaƙƙiya. A mota ban yarda an ɗora ta sama da kaya ba, a hannu na riƙo ta har garinmu Malanbil, fasinjoji na ta kallona.

Direbobi suka dawo, har layi ake yi mata. Sai dai rumfar ta kwano ce, zafi ya yi yawa, da damina kuma ga raɓar kogi, kuma duka biyun suna lanƙwasa itace. Saboda haka in an tashi wasa nakan goge ta da busasshen ƙyalle, in kai ta gida in rataye ta tsaye a ɗakin baƙi. Jingina ta ga bango ma ba na bari a yi.

Ana nan sai surukina ya zo daga Garu ganin likita saboda ciwon gwiwa, aka sauke shi a ɗakin. Da safe na je gaisuwa, na durƙusa bakin ƙofa, sai ga sandata a hannunsa yana shafa ta.

"Ɗana, wanga icce ya yi kyau. Sanda nika nema ta zuwa masallaci."

A wurinmu suruki ba ya yaba abu ka yi shiru. Bakina da kansa ya ce, "Ai taka ce, Baba."

"Madalla. Ta yi tsawo kaɗan, amma kafinta ya rage mini ita."

Na fito na sami matata, na roƙe ta ta yi masa bayani. Ta ce, "In ce wa Baba mi? Mijina na son sandar wasansa? Kai ka ba shi, kai za ka amso." Tana faɗa tana dariya.

Na san kafintan unguwarmu za a kai wa, don haka na riga su zuwa. Na sa ya sassaƙa sanda ta itacen kirya, mai kauri, da mariƙi da roba a gindi. Na ce in tsoho ya zo, kada zarto ya taɓa tawa, ya gaya masa itacen waje ba ya ɗaukar nauyin mutum. Wannan kuwa ba ƙarya ba ce, bakinta siriri ne, karyewa za ta yi da shi. Yinin nan kaf ina butik, amma hankalina na wurin zarto.

Da la'asar tsoho ya dawo yana dogara sabuwar, tawa kuma a hammata. Ya miƙo mini, ta sha man kaɗanya tana ƙyalli, wai don kada ta tsage. Ya ce, "Kafintanku mutumin kirki na. Ban faɗa mishi tsawona ba, amma na iske ya gama sanda daidai ni." Ya ɗan dube ni, sannan ya ƙara da cewa, "Ka maida wagga wurin aikinta. Da ka ce mini abincin gidanka na jikinta, da ban taɓa ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "To, Baba." Na daɗe ina goge man nan kafin ta daina santsi a hannun 'yan wasa.

Ni mutum ne mai faɗa wa abokin ciniki gaskiya ido da ido, amma ranar nan na zagaye gari don kada in faɗi magana guda gaban surukina, kuma duk da haka ya gano ni. Tun daga lokacin, in abu ya haɗa mu, nakan durƙusa in faɗa masa kai tsaye. Har ya rasu bai taɓa jin haushin hakan ba.